Kafin ka zuba maganin kwalba, kwance fulogi ka karanta

Jiya da yamma, bayan mai a-kori-kurar nan ya tafi, ka tsaya kana goge sufana kana satar kallona. Da na ce mene ne, sai ka ce: "Oga, mutumin nan da kuɗinsa ya sayo maganin wanke kabon, kuma ya ce a sa masa fulogi mai tsada na iridiyam. Me ya sa ka hana shi duka biyun? Ko maganin ƙarya ne?" Lokacin an kira magariba, shi ya sa na ce ka bari sai da safe. To jawo benci. Yau Litinin, kasuwar Gujungu ta watse, babu motar da za ta dame mu kafin hantsi.

Maganin ba ƙarya ba ne dukansa. Amma kai ka kwance fulogan motar da hannunka, me ka gani? Uku baƙi ƙirin ne a bushe, in ka shafa sai gari ya biyo yatsa kamar kunkunniyar ɗakin girki. Na huɗun kuma a jiƙe yake, yana ƙyalli, yana danƙo. Cuta biyu ke nan a mota ɗaya, kuma babu wadda maganinta ke cikin kwalba.

Busasshen baƙi yana nufin fetur ya fi iska yawa, injin yana cin abin da ba zai iya ƙonewa ba. Da muka buɗe iyakilina, wato matatar iskar injin, ai ka ga ƙurar da ta zubo, ta kusa cika gwangwani. Motar da ke bin hanyoyin yashi na wajen Gumel da Maigatari da hunturu, iyakilinarta ba ta jiran lokacin da littafi ya faɗa. Ga cok, ɗan marfin da ke rage wa injin iska lokacin tashin safe, da ya maƙale bai gama buɗewa ba. Sannan wani gwani ya cire mata tamostat, abin da ke tare ruwan injin har sai ya ɗau zafi, wai don kada ta yi zafi. Wannan ɗabi'ar ta ishe ni a garejojinmu. Injin da bai kai zafin aikinsa ba ba ya ƙone mai sarai, kullum cikin tara baƙi yake. In mota tana zafi a wanke lagireto, a duba fanka da famfon ruwa, a bar tamostat a wurinsa.

Jiƙaƙƙen kuwa baƙin mai ne ke haurowa ɗakin wuta. Ko ringin fistin ya cinye, ko robar bawul ta bushe ta tsage. Ana rarrabe su. In shuɗin hayaƙi ya fito da safe da an tayar, sannan ya ɗauke, robar bawul ce: mai ne ya kwana yana ɗiga. In kuwa hayaƙin yana bin ta duk tafiya, ya ƙaru in an taka da kaya, ka zargi ringi.

Yanzu kwalbar. Mai kyau daga cikinsu sabulu ne da ke narkewa a fetur, kuma wanda ya fi aiki shi ne wanda za ka ga an rubuta PEA a jikinsa, sunan sinadarin wankin da ke ciki. Yana bin duk inda fetur ya bi: ƙananan ƙofofin kafireto, bayan bawul ɗin shigar iska, har ya ɗan taɓa saman fistin. A hankali yake ci, sai an ƙone tanki ɗaya ko biyu, kuma ya fi son doguwar tafiya da injin ya ɗau zafi, kamar daga nan zuwa Dawanau. Ana auna shi da yawan litar da ke tanki, ba a juye kwalba biyu don a yi sauri. Motar da ke da lafiya, wadda ta daɗe tana ƴar zirga-zirgar cikin gari ko ta sha man ƴan bumburutu, zai taimake ta, ni ma ina zubawa. Amma a motar jiya, kamar ka wanke gindin tukunya ne ka mayar da ita kan ɗanyen itace. Shi ya sa na ce masa ya ajiye kwalbarsa sai mun gama gyara, sannan ya zuba.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowane direba neman abin da zai rage masa shan mai yake yi, masu talla kuma sun gane haka. Kwalbar da babu rubutun abin da ke cikinta, babu awo, sai zaƙin bakin mai sayarwa, kada ta shiga tankin mutum ta hannunka.

Akwai wani iri dabam, wanda ake zubawa cikin baƙin mai kafin a juye shi, wai ya wanke cikin injin. Wannan na fi jin tsoro a tsohuwar mota, kuma da dalili. Ina da shekara biyu da buɗe garejina aka kawo mini wata motar ɗaukar hatsi da ta yi shekaru ba a canza mata mai a kan kari. Na zuba, na bar ta tana aiki, mai ya fito baƙi kamar kwalta, na yi ta murna ina nuna wa mai ita. Ashe dattin da ya daskare ne ya ɓamɓaro guntu-guntu ya toshe rariyar famfon mai. Ba ta kai Ringim ba injin ya buga. Garin neman gira muka rasa ido, kuma ni na biya rabin kuɗin aikin. Tun ranar, in na leƙa ta murfin mai na ga datti ya yi kauri, kaskon ƙasa nake kwancewa in wanke da hannu, sannan a riƙa canza mai da wuri har ya washe. Masu ɗura ruwa ta bakin kafireto injin yana gudu kuwa, tururin yakan ɓamɓare kabon, gaskiya ne, amma ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Hannunka ya zarce kaɗan, sandar fistin ta lanƙwashe. Kada in gan ka kana yi.

In kabon ya yi kauri da gaske, mota da kanta za ta faɗa maka. Za ka ji tana ƙas-ƙas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani in ta ɗau kaya, ko a kashe makulli ta ci gaba da tari ta ƙi mutuwa, saboda kabon ɗin ya zama garwashi yana kunna mai da kansa. Ka fara duba taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. In daidai yake, to a sauke kan injin, a kankare, a wasa bawul, a sa sabon gasket.

Sai fulogi. Ba da tsada ake zaɓensa ba, da lamba ne, kuma lambar magana take yi. Ɗauko kwalin fulogin kamfanin NGK ɗin can, lambarsa BP6ES. B kaurin zarensa ne, milimita 14. P na nufin bakinsa ya ɗan leƙo cikin ɗakin wuta. E tsawon zare ne, milimita 19. Da H ce a wurin, gajere ne, 12.7. In ka ga R a tsakiya, yana da abin da ke hana wutarsa damun rediyo da sauran kayan lantarki. Tsawon nan kada ka yi wasa da shi. Dogo a ramin gajere zai iya gaisawa da fistin. Gajere a ramin dogo kuma zai bar sauran zaren a fili kabon ya cike shi, ranar da aka zo sa na daidai sai ya ƙi shiga, mai gaggawa ya tilasta shi ya cinye zaren.

Lambar tsakiya, 6 ɗin nan, ita ce yara da yawa ba su gane ba. In an ce fulogi mai zafi ko mai sanyi, ba ƙarfin tartsatsinsa ake nufi ba. Ana nufin saurin da yake sauke zafin bakinsa zuwa jikin injin. Bakin yana son ya zauna tsakanin digiri 500 da 800. Ƙasa da haka ba ya ƙone baƙin da ke sauka a kansa, sama da haka kuma shi kansa ya zama garwashi ya kunna mai kafin lokaci. A NGK da Denso, in lamba ta hau fulogi ya ƙara sanyi, wato 5 ya fi 6 zafi. A Bosch da Champion akasin haka ne. Wanda ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ya ce a ba shi "lamba shida" kawai, bai faɗi kamfani ba, bai ce komai ba.

Motar jiya Hilux ce mai injin 22R, kuma abin da aka yanka mata BPR5EY ne, ko W16EXR-U na Denso, tazarar baki milimita 0.8. Shi muka sa. Na san abin da za ka ce: tunda na huɗun yana jiƙewa, me zai hana a sa masa wanda ya fi zafi? Ana yi, mataki ɗaya, don a lallaɓa mota zuwa ranar da mai ita zai sami kuɗin ringi. Amma ka dubi aikin motar. Mutumin nan riɗi da zoɓo yake lodawa har sifirin ya kwanta, ya kama hanyar Kano da bazara, rana ta haura digiri 40. Fulogi mai zafi a wannan hali huda fistin yake yi. Gara ya riƙa kwance na huɗun yana gogewa duk mako.

Iridiyam kuwa ba ni da faɗa da shi. Bakinsa siriri ne, ba ya saurin cinyewa, yana daɗewa ƙwarai a injin mai tsabta. Amma daɗewar ita ce abin da kake saya, kuma baƙin mai bai san tsada ba, yadda zai rufe mai araha haka zai rufe shi. Ga jabu ya yi yawa a kasuwa, kwali kamar na gaske. Na gargajiya mai jan ƙarfe a ciki zai kai shi kilomita 20,000 ko fiye, a goge shi, a gyara bakinsa da abin awo, ba da ido ba. A kan irinsa muka koyi aiki, zamanin Peugeot 404 da 504 da ake harhaɗawa a Kaduna.

Na kuma lura da yadda ka ɗaura jiya, ban dai yi magana a gaban mai mota ba. Ka bar injin ya huce, ka hure yashin da ke gefen ramin kafin ka kwance, don duk abin da ke wurin cikin silinda zai faɗa. Sabo kuma da yatsu ake fara shi har ya zauna, sannan sufana ta ƙara kamar rabin juyi ta danne wasa, wato zoben ƙarfen da ke gindin zaren. In tsoho ne ka mayar, ɗan taɓawa kawai, wasan ya riga ya kwanta. Kan injin nan alminiyam ne, ba ya son ƙarfin tuwo.

Duk wannan na masu fetur ne. Canter da manyan gingimari masu shan gas ba su da fulogin tartsatsi, matsi ne ke kunna musu mai. Abin da wasunsu ke da shi hita ce ta tashin safe. Baƙin hayaƙinsu a iyakilina da nozul da famfo ake nemansa.

Mai Hilux zai dawo ranar Juma'a in ya sauke kayan kasuwar Maigatari. Kai za ka auna matsin silindoji huɗun, ka rubuta. In na huɗu ya gaza sauran, ka ɗiga masa cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa: in allura ta hau, ringi ne, in ta tsaya inda take, bawul ne ko gasket. Gejin auna matsin yana cikin jan akwati, ƙarƙashin jak. Ɗauko shi yanzu mu gwada a tawa motar tukuna.