Tambayi Likita: Nimoniya ta fi kama ɗa namiji ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Tagwayena wata biyar, mace da namiji. Nimoniya ta kama namijin, macen kuwa lafiya lau. Kakansu mai shekara 70 ma ta kwantar da shi da hunturun nan. Surukata ta ce dama ɗa namiji ba shi da ƙwari. Haka ne?
Maman Tagwaye, Daura

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Tagwaye, Allah ya ƙara sauƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar Hajiya. Ƙwayar nimokokus, mai kawo nimoniya da sanƙarau da ciwon kunne, ta fi kwantar da maza, kuma jikin mace yakan ɗan fi samar da sinadaran garkuwa bayan rigakafi. Sai dai ratar ba ta da yawa. Shekaru ne suka fi tasiri.

Ƙwayar tana da wani ɓawo na sukari da take fakewa a ciki, iri fiye da 90, kuma garkuwar da aka samu a kan wannan iri ba lallai ta tare wancan ba. Jariri yana zuwa da garkuwar aro wadda uwa ta ba shi ta mabiyiya, galibi a watanni ukun ƙarshe na ciki (shi ya sa bakwaini ke samun kaɗan, tagwaye kuwa sun cika zuwa da wuri). Aron yana raguwa da kusan rabi duk wata, alhali jikin yaro ba ya iya gane ɓawon sukari zalla sai ya kai shekara 2. Naki suna tsakiyar wannan giɓin.

Allurar rigakafin nimokokus, wato PCV, ita ce ke toshe giɓin: an ɗaure sukarin da furotin don jikin jariri ya gane shi. Najeriya ta fara ba da ita a 2014, a sati 6, 10 da 14, a cinya, kuma awo ɗaya ne ga mace da namiji. Duba katinsu. In an tsallake ɗaya, ba a komawa farko, ɗorawa ake yi, da ratar sati 4 aƙalla.

Shi Baba, sinadaran garkuwar suna nan a jininsa amma kaifinsu ya ragu, ga ƙurar hunturu da hayaƙin icce suna raunana hanyar numfashi. Ya tambayi likitansa allurar manya.

A yi wa yaran gwajin sikila, domin tana kashe aikin saifa, wadda ke tace ƙwayar daga jini. In kin ga numfashin jariri ya kai 50 a minti ɗaya, ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa, ki garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.