Amsa: Horar da mabiya tare da shugabanni

Malam, ka tambaya ko ya dace ƙungiyarku ta nan Zariya ta koya wa ma'aikata yadda ake zama mabiyi nagari, tunda an riga an shirya wa shugabanni bita. A ganina ya dace, domin shi kansa shugaban sashe mabiyi ne idan ya shiga ofishin darakta.

A shekarar 1988 Robert Kelley, wani masani ɗan Amurka, ya auna mabiya da ma'auni biyu, wato tunani mai zaman kansa da kuma himma wajen aiki. Na farkon ne ya fi yi mana wuya, saboda tarbiyyarmu ta girmama na gaba kan sa akawu ya ga kuskure ƙarara a takardar biyan kuɗi, amma ya sunkuyar da kai ya ce "to, ranka ya daɗe". A hatsarin da jiragen sama biyu suka yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya a 1977, inda mutum 583 suka rasu, injiniyan ɗaya daga cikin jiragen ya nuna shakkarsa kan ko hanyar tashi a buɗe take, kyaftin bai saurare shi ba, kuma bayan irin wannan ne kamfanonin jiragen sama suka fara koya wa ƙananan ma'aikatan jirgi yin magana a fili.

Shawarata ita ce ku haɗa manya da ƙanana a zaure ɗaya, ƙarami ya gwada yi wa ogansa gyara cikin ladabi, ogan kuma ya koyi karɓa ba tare da ɓata rai ba. Idan aka horar da ƙananan kaɗai, wanda ya fara buɗe baki shi zai fara karɓar takardar gargaɗi.