Sun kafa turaku a gonarmu, mu yi gini kafin layin kuran ya iso?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da gonar gado a yankin Mirriya. Watan jiya masu awo suka zo suka kafa turaku masu jan fenti, wai babban layin kuran, wato wutar lantarki, zai ratsa ta tsakiya. Tsohonmu ko barci ya kasa. Maƙwabta na cewa mu yi maza mu aza ɗaki biyu a wurin don diyya ta yi kauri, in kuma ba a rushe ba mu zauna abinmu, tunda wayar can sama take. Ana iya kauce wa gonar?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka gaida Baba, ka ce masa gonar ba ta tafi ba. Galibi gindin poto kaɗai ake rasawa, gero da wake kuma ana ci gaba da nomansu a ƙarƙashin waya. Gini da dogon itace ne aka hana, a fili mai faɗin kusan mita 30 idan layin mai kilobolt 132 ne, irin wanda ya taso daga matatar mai ta SORAZ zuwa Damagaram.

Kaucewa tana da wuya. Mai shata hanya yana gudun gari da maƙabarta da filin jirgi da fadamun Korama, kuma duk kwanar da ya yi sai an kafa poto mai ƙarfi da tsada. Ba a lanƙwasa layi don gona guda. Amma doka mai lamba 61-37 ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce sai da diyya. Ku nemi takardar gonar a hukumar filaye ta COFO tun yanzu, ku tsaya da ƙafarku ranar ƙidayar abubuwan da za a biya diyyarsu, kada a tsallake gawo ko kuka ko guda. Abin da aka gina bayan an rufe ƙidaya kuwa, ko dala ba a biya.

Sai maganar “wayar can sama take”. Na gaji da jin ta, kuma ita ke kashe mutane. Kuran na gida bolt 220 ne, wannan kuwa 132,000, ninki 600 ke nan. Wayar tsirara take, babu roba a jikinta, iska ce kawai tsakaninka da ita. Ba sai ka taɓa ba. In ƙarfe ko ɗanyen reshe ko hannu ya matso kusa, wutar tana tsallakowa ta cikin iska ta same shi. Masu cewa “ga tsuntsu can zaune bai mutu ba” sun manta waya guda ya taka, kuma bai haɗa ta da ƙasa ba. Kai ƙafarka a ƙasa take. Takalmin roba ba ya hanawa, balle layar da wani ya sayar maka a kasuwar Dole.

Kuma tsayin da ka gani da safiyar hunturu ba shi ne na azahar ɗin bazara ba. Zafi ya haura digiri 40, gari na jan wuta, waya ta saki ta sauko, musamman a tsakiyar poto biyu, daidai inda mutane ke ganin sarari suna cewa a gina. To ka aza kwano a nan, gobe yaro ya hau gyaran eriya, ko magini ya ɗaga ƙarfen gini tsaye. Haka makiyayi mai saran gawo da doguwar gora, da yaron mota zaune bisa lodin kara. Masu zuga ku yau ba su ne za su yi jinyar ƙuna ba.

In wata rana iska ta tsinka waya, kada kowa ya matsa, ko da ta yi shiru, domin ƙasar da ke kewaye da ita ma tana ɗauke da wuta. Wanda ya tsinci kansa kusa ya haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su a hankali har ya yi nisa. A tsare yara da bisashe, a kira kamfanin wuta na Nigelec.