Amsa: Wane wuri ne sanyi ya fi cutar da mangwaro?

Malam ka tambaya yadda ake gane inda sanyi zai lalata mangwaro kafin a dasa. To akwai taswirar da ke nuna wuraren da sanyi ya fi tsanani, masu yin taswirar nan bayanan shekaru suke tarawa na mafi ƙarancin zafin dare, su haɗa da hoton setilayit da tudu da kwarin wurin, don iska mai sanyi nauyi gareta, gangarawa take ta kwanta a kwari, shi yasa gonar ƙasa-ƙasa take fin shan wahala. Fure da 'ya'ya ƙanana tun a digiri 4 na ma'aunin Celsius suke fara lalacewa, ƙananan dashe kuwa in ma'aunin ya sauka ƙasa da sifili suna iya mutuwa. Amma fa sanyi kaɗan alheri ne, shi ke sa bishiyar fure. Ni dai a ganina ka dasa a gangare inda iska ke wucewa.