Koren tuta ba kowane kore ba ne

Ka tambaye ni wai ya ake awon tutar Najeriya, kuma wane yadi ake sa mata. Awo ai ba abin tambaya ba ne ɗan nan, tsawo ninki biyu na faɗi, ka raba uku daidai a tsaye, kore fari kore. Kalmasa da wurin zura igiya kuwa in har sai na koya maka to ka tashi ka ba wani keken.

Yadin shi ne magana. Wata shekara ana gab da 1 ga Oktoba wani ɗan kwangila ya same ni a shago nan Ƙofar Marusa, wai tutocin fareti yake so na 'yan makaranta, ya zo da koren yadinshi mai araha. Ina yagar ƙyalle na tsoma a kofin ruwa a gabanshi ruwan ya koma kore shar, na ce Alhaji wannan zuba yake, ya ce kai dai ɗinka, ruwana ne. Muka kwana kan keke ni da yarana, zare nawa, farin yadi nawa, man janareta nawa. Ranar gwajin fareti aka yi ruwan ƙarshen damina, koren nan ya malale cikin farin, tuta ta koma kamar an tsoma ta a miyar kuka. Mutumin nan wallahi ya tsaya bakin shagona gaban jama'a yana cewa ni na ɓata mashi aiki, cikon kuɗina har yau, kuma yana wuce ni a mota yana ɗaga mani hannu. Ban yafe ba.

Shi wanda ya zana ta ma, Taiwo Akinkunmi, yana ɗalibi a Landan a 1959, da ya ci gasar fam 100 aka ba shi, har da jar rana ya sa a tsakiya alƙalai suka cire, aka bar farin tas don shi ne zaman lafiya, koren kuma noma. To ka bari noma ya zubo cikin zaman lafiya, me ka ɗinka kenan?

Ku yaran yanzu ido na kan waya, wani har a kwance ya jera mani ita kamar ta Nijar. Ka jiƙa kowane kore kafin almakashi ya taɓa shi, in mai aiki ya kafe sai nashi yadin, ka karɓi kuɗinka cif tukuna.