Tambaya da Amsa: Jan Rai a Labari, Daga Zauren Bikin Littattafai Zuwa Kasuwar Gujungu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Nakan ji ana cewa a bukukuwan littattafai marubutan labaran bincike da na jan rai sukan zauna su tattauna sana'arsu a gaban jama'a. Me suke tattaunawa, kuma akwai abin da mazaunin ƙauye irina zai ƙaru da shi? Na fara rubuta labari a kan satar shanu, amma abokaina sun ce ba shi da zafi, tun da mai karatu ya san ɓarawon tun daga babi na biyu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Irin wannan zama ya daɗe ana yin sa. A Amurka akwai taron Bouchercon da aka fara tun 1970, sannan akwai ThrillerFest na ƙungiyar marubuta labaran jan rai, wanda aka fara a 2006. A Ingila kuwa garin Harrogate yana karɓar bikin marubuta labaran aikata laifi tun 2003. Mu nan gida ba mu da biki na wannan fanni shi kaɗai, sai dai a sami zama ɗaya ko biyu a cikin manyan bukukuwa, irin su bikin Ake da aka fara a Abeokuta a 2013, da KABAFEST na Kaduna da ya soma a 2017, da kuma HIBAF, wanda ya fi shafar mu domin adabin Hausa ya sa a gaba, shi ma a Kaduna aka buɗe shi a 2021. Ko ina aka yi zaman, da wuya a tashi ba a taɓo abubuwa uku ba: yadda ake riƙe mai karatu, ko marubuci ya tsara labarinsa tun farko ko ya bar shi ya ja shi, da kuma yawan binciken da ya kamata a yi kafin a ɗora alƙalami. Tambayarka ta faɗa cikin na farko, kuma a nan zan fi daɗewa.

Abokanka sun haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Akwai labarin da ƙarfinsa yake cikin ɓoye mai laifi har zuwa shafin ƙarshe, akwai kuma wanda mai karatu ya san komai tun da wuri, abin da ke hana shi barci shi ne ko za a cimma mai laifin kafin lokaci ya ƙure. Shahararren mai shirya fina-finan nan ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, ya taɓa bayyana bambancin da misalin da marubuta ke yawan maimaitawa a irin waɗannan taruka: mutum biyu suna hira, bam yana ƙarƙashin teburinsu. Idan ya tashi ba wanda ya sani, mai kallo zai razana na daƙiƙa 15 kawai, amma idan an nuna masa bam ɗin da lokacin tashinsa, zai yi minti 15 zuciyarsa na ɗar-ɗar, kuma hirar banza da mutanen ke yi za ta zame masa abin da ba ya iya ɗauke ido daga kanta. Saboda haka sanin ɓarawo a babi na biyu ba shi ne ciwon labarinka ba. Ina kyautata zaton abin da ya rasa shi ne wa'adi.

Wa'adin kuwa yana ƙofar gidanka. Kasuwar Gujungu ranar Lahadi take ci, ta Maigatari ranar Alhamis, ta Wudil ranar Juma'a, kuma duk makiyayi ya san cewa saniyar da aka loda a babbar mota aka nufi Kudu da ita, sai dai a yi wa mai ita jaje. Idan aka kore shanun tauraronka ranar Alhamis da dare, yana da Juma'a da Asabar kafin safiyar Lahadi da Gujungu za ta ci, kuma kowace sallah da aka kira tana rage masa lokaci. Ka sa mai karatu ya riƙa ƙirga kwanakin tare da shi. Ka sa ruwan sama ya sauka ya shafe sawun da ake bi, ka sa dillalin da ya ga shanun ya zama mutumin da yake bin tauraron bashi, ka sa mai unguwa ya ce a dakata har dagaci ya dawo daga tafiya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar bindiga ko tseren motoci.

Sannan ƙauye yana da wani abu da birni ba shi da shi, kuma ni a ganina shi ne jarin da marubutanmu suka fi yin sakaci da shi. A birni tambayar mai bincike ita ce wane ne ya aikata. A ƙauye sau da yawa rabin gari sun san wanda ya aikata, abin da ya rage shi ne wa zai buɗe baki ya faɗa, alhali mai laifin surukin wane ne, ɗan ƙanwar liman ne, ko kuma shi ne ya ranta wa mutane hatsi da bazara lokacin da rumbuna suka ƙare. Matar da ta ga fuskarsa da asuba tana hanyar rijiya, wadda ta san cewa kalma ɗaya daga bakinta za ta kashe auren 'yarta, ita ce ya kamata ka tsaya a kanta, ka ba ta babi guda ita kaɗai. Kunya da kara da zumunci, waɗanda muke yabawa a rayuwa, su ne ke ɗaure bakin shaida a labari, kuma mai karatun Hausa ba ya buƙatar a yi masa bayanin nauyinsu. Amma batun halartar biki, idan hali bai yi ba, ka fara da ƙungiyar marubuta ta ƙasa, wato ANA, wadda aka kafa a 1981 kuma take da rassa a jihohi, ka nemi zaman karatunsu ka karanta babinka a gaban waɗanda ba abokanka ba.

TAMBAYA: Ni matar aure ce daga wani gari kusa da Rano a jihar Kano, ina sakin labarina kashi-kashi a zaurukan WhatsApp. Ban tsara ƙarshensa ba, yanzu ga shi na kai kashi na 40 na rasa mafita. Shin laifi ne in kawo aljani ko boka ya tona asirin wanda ya yi kisan?

AMSA: Malama, rashin tsara ƙarshe ba aibi ba ne a kan kansa, kuma wannan gardama ce da manyan marubuta ba su gama ta ba. Ba'amurke Jeffery Deaver ya sha faɗa cewa yakan yi watanni yana tsara labari dalla-dalla kafin ya fara rubuta shi, yayin da Lee Child, haifaffen Ingila, ya shahara da cewa yakan fara ne bai san inda labarin zai kai shi ba. Sai dai akwai bambanci tsakaninki da shi wanda ya kamata ki lura da shi: shi littafinsa ba ya fita sai ya kammala, ke kuwa kowane kashi da kika saki ya riga ya shiga wayoyin mutane, ba ki da damar janye shi ki dasa wata alama da kika manta. Mai sakin labari kashi-kashi ya fi kowa buƙatar sanin abu uku tun ranar farko, wato wanda ya yi, da dalilinsa, da kuskuren da zai tona shi. Saura kuwa ana iya barin sa ya zo yadda ya zo.

Game da aljani, ga ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba: kada ki kawo shi. A 1929 wani malamin coci ɗan Ingila mai rubuta labaran bincike, Ronald Knox, ya fitar da ƙa'idoji 10 na wannan fanni. Wasu daga cikinsu zamani ya wuce su, amma uku suna nan da ƙarfinsu: dole mai laifi ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, ba a warware ƙulli da ikon gaibu, kuma ba a yarda sa'a ko tsautsayi su yi wa mai bincike aikinsa ba. Dalilin ba ƙyamar al'adarmu ba ne. Mai karatu ya shiga yarjejeniya da ke cewa idan ya sa ido sosai zai iya gano gaskiya kafin ki faɗa masa, kuma ranar da aljani ya sauko da amsa, kin cinye masa ladan wahalar kashi 40 da ya bi ki. Wannan bai hana boka shiga labarinki a matsayin mutum ba. Boka yana jin sirrin gidaje fiye da kowa a gari, mata da maza suna kai masa abin da ba sa faɗa wa iyayensu, don haka idan ya san mai kisan, to ta bakin wanda ya je neman sa'a wurinsa a daren da abin ya faru ya sani, kuma wannan hanya ce da mai karatu zai yarda da ita, musamman idan kin taɓa nuna wani yana fitowa daga gidan bokan a kashin baya.

Shawarar da ta fi sauri ita ce ki dakatar da sakin labarin na mako guda, ki karanta abin da kika rubuta daga farko da takarda a gefe, kina rubuta duk wanda ya yi ƙarya, da duk wanda ba a san inda yake ba a lokacin kisan. A cikin kashi 40 da wuya a rasa mutum ɗaya da alamu suka taru a kansa ba tare da kin yi niyya ba.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne daga Birnin Kudu. Dole ne sai na san aikin 'yan sanda da kotu kafin in rubuta labarin kisa?

AMSA: Ɗana, ba sai ka zama lauya ba, amma akwai abubuwan da idan ka kuskure su mai karatu zai daina yarda da kai. Ƙarar kisa ba ta ƙarewa a hannun DPO na caji ofis ɗin garinku, ana miƙa ta ne ga sashen binciken manyan laifuka na rundunar jiha da ke Dutse. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, ko da yake wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne yana da nasa tanadin daban. A kundin dokar hukunta laifuka, wato Final Kod (Penal Code), sashe na 221 ne ya yi magana a kan kisan da hukuncinsa kisa ne, kuma kotun majistare ba ta da hurumin yanke irin wannan shari'a. Ka kuma tuna cewa a wurinmu wanda ya rasu da hantsi yakan shiga kabari kafin la'asar, don haka mai bincikenka sau da yawa zai iso ne bayan an rufe gawa, kuma abin da zai dogara da shi shi ne idon wanda ya yi wa mamacin wanka. Ka nemi wani tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya a garinku ka zauna da shi, ka kuma je kotu ranar da ake zama ka saurari yadda ake yi wa shaida tambayoyi, domin zaman kotu a buɗe yake ga kowa.