Ko sanya SSD zai hana kwamfutar DJ tsayawa ana tsakiyar biki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni DJ ne, ina sana'ar bukukuwa. Kwamfutata HP ce ta hannu, RAM 8GB, faifan ajiya na HDD 1TB, da manhajar Virtual DJ nake aiki. Kwanan nan ta fara tsaya mini cak ana tsakiyar taro, na ƙarshe ma daidai shigowar amarya, har iyayen biki suka yi mini magana. Mai gyara ya ce in sa SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya, a maimakon HDD ɗin, wai ba ya lalacewa har abada. Kuɗin ba kaɗan ba ne a wurina. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka saya. A sana'arka babban amfanin SSD shi ne girgiza ba ta damun sa. HDD na kwamfutar tafi-da-gidanka yawanci yana juyawa sau 5400 a minti, allurar da ke karanta shi tana shawagi dab da fuskar faifan. Ka ɗora kwamfuta a tebur ɗaya da babbar sipika mai ƙugi, allurar ta riƙa kuskure layi tana sake karantawa, Windows kuma ta tsaya jiranta. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Ga kuma sauri: HDD wajen 100MB a daƙiƙa, SSD na SATA (irin mahaɗin da HDD ke amfani da shi) kusan 550MB. Za ka gani wajen kunnawa, neman waƙa da ɗora ta.

Amma kafin ka fitar da kuɗi, ka tabbatar faifan ne mai laifin. Ka bar Task Manager, wato tagar Windows da ke nuna nauyin aikin kwamfuta, a buɗe kana gwaji a gida. Idan a lokacin da kwamfutar ta tsaya faifai ya nuna 100%, shi ne. Idan kuwa waƙa ta riga ta hau sannan sauti yake yankewa, ka nemi dalili a wani wurin, domin MP3 mai 320kbps 40KB kacal take ci a daƙiƙa, kuma manhajar kan kwashe ta zuwa RAM, wato ma'ajin wucin gadi na kwamfuta. A nan sai ka ɗaga bafa (buffer, a saitin sauti na manhajar) daga 256 zuwa 512, ka kashe Wi-Fi, a buɗe kwamfutar a busa ƙurar da ta toshe fanka.

Wajen saye, SSD mai inci 2.5 na SATA zai zauna daidai inda HDD ɗinka yake. In kwamfutar na da ramin M.2, wato wurin sa ƙaramin SSD siriri, ka duba littafinta ko SATA yake karɓa ko NVMe, don ba kowane ne ke ɗaukar duka biyun ba. Ka ɗauki 1TB, ka riƙa barin kamar kashi 20 cikin 100 babu komai. Jabu sun yi yawa a kasuwa, a rubuta 1TB alhali cikin bai kai ba, saboda haka ka gwada shi da H2testw, manhajar da ke auna ainihin girman faifai, kafin ka zuba waƙa ko ɗaya.

Sai maganar mai gyaran nan, wadda ita ce ta fi damuna, don kullum ana yaɗa ta. SSD yana mutuwa, kuma mutuwarsa ta fi ta HDD muni. HDD sau da yawa yakan ba ka alama: ya yi ta ƙas-ƙas, ya yi nauyi, ka samu damar kwashe kayanka. SSD kuwa yana iya yin aiki lafiya lau daren Juma'a, da safiyar Asabar kwamfuta ta ce ba ta ga faifai ba. Idan ɗan guntun da ke sarrafa shi ya ƙone, mai gyaran bakin titi ba shi da abin da zai ciro ko fayil ɗaya da shi. Abin da ka goge bisa kuskure ma haka ne: akwai tsarin da ake kira TRIM wanda ke share gurbin ba da jimawa ba, manhajojin dawo da fayil da ke taimako a HDD sai su tashi a banza. Ga batir ɗinka in ya mutu, janareta ya ɗauke alhali SSD na cikin rubutu, hakan kaɗai na iya lalata bayanai. Don Allah masu gyara su daina faɗa wa mutane abin da ba su sani ba don kawai su sayar da kaya. Mutum ya yi shekaru yana tara waƙoƙi, yana jera su, yana sa alamun inda zai shiga da inda zai fita, da su yake ciyar da iyalinsa, sannan ka ce masa ba ya buƙatar kwafi na biyu? Wannan cutarwa ce.

Kada ka yarda a goge tsohon faifan, kuma kada ka bar wa mai gyara shi a ragin kuɗi. A haɗa SSD ɗin da kebul na USB zuwa SATA, a kwafe faifan gaba ɗaya da manhajar Clonezilla ko manhajar kamfanin da ya ƙera SSD ɗin. In an zuba sabuwar Windows ne, sai ka ɗauko fayil ɗin database.xml na Virtual DJ, a ciki alamunka suke, kuma harafin faifan da waƙoƙi ke ciki ya zauna yadda yake, in D ne ya zauna D. Sabon faifan waje ka saya don kwafin mako-mako, tunda tsohon ya fara ba da alama, kuma waƙoƙin shigowar amarya da na liƙi su kasance a filasha cikin aljihunka.